Hadari, Ambaliya Da Gobarar Daji: Hasashen Farkon Kaka A Filayen Alkama Na Amurka

Daga farkon watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ne manoman shimfiɗaɗɗun filayen tsakiyar Amurka, musamman na jihohin Teksas da Oklahoma da Kansas, suke shuka alkamar da ke kwana a ƙasa duk tsawon hunturu, a girbe ta cikin watannin Yuni da Yuli. Nijeriya ta daɗe tana cikin manyan masu sayen wannan alkama, tun bayan da aka ɗage dokar hana shigo da alkama wadda ta yi aiki daga 1987 zuwa 1992. Saboda haka abin da sama ta yi a waɗannan filaye cikin 'yan makonnin nan yana iya biyo jirgin ruwa har Legas, ya bayyana a farashin buhun fulawa a kasuwar Singa ta Kano.

Abin da ke wahalar da ma'aikatan hasashe a wannan lokaci shi ne iska biyu ne ke karo a sararin yankin. Busasshiyar iska mai sanyi tana gangarowa daga Kanada, yayin da mai ɗumi da laima take tasowa daga Tekun Meksiko, kuma babu wani dutse tsakaninsu da zai tare ko ɗaya. Inda suka haɗu hadari kan taso da tsawa da ƙanƙara, wani lokaci har da guguwa. Bugu da ƙari, lokacin ya zo daidai da ganiyar manyan guguwowin teku, waɗanda ragowarsu kan kutso cikin ƙasa ɗauke da ruwa mai yawa. Don haka sau da yawa a taswira guda ake ganin gargaɗin ambaliya a gabas, da gargaɗin gobara a yamma.

Abin da ya faru a Satumban 2011 ya isa misali. Guguwar teku mai suna Lee ta sauka a jihar Luwiziyana da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma maƙwabciyarta Teksas, wadda fari ya riga ya gasa, busasshiyar iska mai ƙarfi ta samu. A ranar 4 ga watan iskar ta kayar da itatuwa a kan wayoyin lantarki a gundumar Bastrop, wuta ta tashi, ta cinye gidaje sama da 1,600. Farin wannan shekara kaɗai ya jawo wa aikin gona na jihar asarar fiye da dala miliyan dubu 7. Shekara biyu bayan haka, a Satumban 2013, sai ga akasi a jihar Kolarado, inda garin Boulder ya samu ruwa sama da milimita 400 cikin kimanin mako guda, ambaliyar ta bi kogi ta gangara har gonakin Nebraska.

Hukumomin Amurka sun zuba jari mai kauri don rage irin wannan ba-zata. Cikin shekarun 1990 aka kafa na'urorin rada kusan 160 masu auna ruwa da motsin iska a cikin gajimare. Cibiyar hasashen hadari ta ƙasa da ke garin Norman a Oklahoma tana fitar da taswirar inda ake fargabar hadari mai ƙarfi, da wata ta inda yanayi zai taimaki wuta, har zuwa kwana 8 gaba. Ita kuwa jihar Oklahoma tun 1994 take da nata tsarin mai suna Mesonet, tashoshi kimanin 120, aƙalla ɗaya a kowace daga gundumominta 77, suna aiko da ma'aunin iska da zafi da ruwa duk bayan minti 5. Idan laima ta yi ƙasa ƙwarai, iska ta tsananta, ciyawa kuma ta bushe, sai a ba da gargaɗin da suke kira jar tuta.

Sai dai wanda ya duba lissafin da idon ɗan kasuwa zai ga cewa ruwan da wutar a littafi guda suke. Ruwan farkon kaka shi ke tsirar da alkama, shi ke ba masu gandun shanu damar sakin maruƙa su yi kiwo a gonar alkama daga wajejen Nuwamba zuwa farkon Maris, wato gona ɗaya riba biyu. Amma shekarar da ruwa ya wadata ita ce ciyawa ke yin tsawo da kauri, kuma da zarar sanyi ya kashe ta, ta zama makamashi mai jiran tartsatsi. Haka aka gani a arewacin Teksas: bayan ruwa mai albarka a 2023, gobarar Smokehouse Creek ta tashi a ƙarshen Fabrairun 2024, ta lashe fiye da eka miliyan 1, mafi girma a tarihin jihar, ta hallaka dubban shanu. Mai garke ba dabbobi kawai yake rasawa ba. Shingen waya da ingirici da makiyayar kanta duk sai an sake kashe musu kuɗi.

Wannan ne ya sa hasashen ya zama kayan aiki kamar taki da iri. Da shi manomi ke yanke shawarar ya shuka a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, ko ya dakata kada mamakon ruwa ya daskarar da saman ƙasa iri ya kasa hudowa. Da shi makiyayi ke sanin ranar da bai kamata ya ƙone saura ko ya kunna injin walda a fili ba. Har ma akwai inshorar makiyaya ta gwamnatin tarayyar Amurka wadda ke biyan diyya bisa ma'aunin ruwan da ya sauka a yanki, ba tare da an je an duba gonar mutum ba.

Ya kamata mai sayen alkama ya bambanta hasashe iri biyu. Na 'yan kwanaki abin dogaro ne ƙwarai, ko da yake har yanzu yana da wuya a ce ga gundumar da hadari zai juye ruwansa a kai. Na watanni kuwa rinjaye kawai yake nunawa. Alal misali, a shekarun da ruwan tsakiyar Tekun Fasifik ya yi sanyi fiye da yadda ya saba, abin da ake kira La Nina, kudancin filayen kan yi hunturu mai ɗumi da ƙarancin ruwa. An yi irin wannan yanayi shekara uku a jere daga 2020, kuma girbin alkamar Kansas na 2023 ya zama mafi ƙanƙanta cikin fiye da shekara 50.

'Yan kasuwar cinikin amfanin gona ta Shikago ba sa jiran girbi kafin su motsa farashi. Tun daga Oktoba suke bin rahoton mako-mako na ma'aikatar gona ta Amurka game da yawan gonakin da aka shuka da yadda tsiro ya kama. Kamfanonin niƙa na Nijeriya suna da wasu ƙofofin, kamar Kanada da Rasha da ƙasashen Turai, kuma canjin naira da kuɗin jirgi sukan yi nauyi a farashin fulawa fiye da yanayin Kansas. Duk da haka, alkamar filayen Amurka mai ƙarfi ce da ta dace da burodi, kuma rahoton da ke nuna halin da take ciki yana fitowa kyauta a farkon kowane mako, har zuwa ƙarshen Nuwamba.