Agogo Mai Maɓalli Biyu: A Duba Cikinsa Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya bi hanyar Kachia ya tsaya a Sabon Tasha, kudu da birnin Kaduna, zai ga masu gyaran agogo a bakin titi, kowa da ɗan akwatinsa na gilashi. Galibin abin da ke ciki na batir ne. Amma jifa-jifa akan ga wani tsoho mai nauyi, da maɓalli biyu a gefe, da ƙananan da'irori a fuskarsa. Shi ne kuronogiraf, watau agogon da ban da nuna lokaci, yakan auna daƙiƙoƙin da gudu ko wani aiki ya ci.

Tsofaffin agoguna suna da tarihi a wannan yanki. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, aikin reluwe kuwa aikin lokaci ne. Da kuɗin Udoji suka shigo hannu a 1975, ma'aikata da yawa sun sayi rediyo da babur da agogo. Yawanci Seiko 5 ne ko Orient, amma masu hali sun kai ga mai maɓalli biyu. To, yau magada su ke fito da su, wasu su sayar a banza, wasu kuma su bari a cire injin na asali a dasa na batir, alhali kuwa injin nan shi ne dukiyar. Masu tara agogo a ƙasashen waje shi suke nema.

Bambanci na farko yana ga abin da ke karɓar umarni idan an danna maɓalli. A wasu injuna wani ɗan wili ne mai ginshiƙai tsaye kewaye da shi, kamar zankwayen soro. Yin sa da wuya, amma dannawarsa da laushi. A wasu kuma wani ƙarfe ne mai tudu da kwari, irin kam na injin mota. Shi da tauri wajen dannawa, amma ya fi araha da sauƙin gyara. Kada a ɗauka mai kam na talaka ne. Omega Speedmaster da ya je wata a 1969 mai ginshiƙai ne, lamba 321, amma tun 1968 kamfanin ya fara komawa ga mai kam, lamba 861, bai kuwa rage masa daraja ba.

Na biyu shi ne kuloci, wanda direbobin hanyar Kafanchan ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. A tsohon tsari haƙoran giya ke shiga juna ta gefe, shi ya sa wani lokaci babban tsinken kan yi ɗan tsalle wajen tashi. A ɗaya tsarin kuwa faifai biyu ke haɗuwa sama da ƙasa, tsinken ya tashi lafiya lau. Illarsa ita ce idan ya lalace, galibi sai dai a sauya shi ɗungum.

Nan ne maganar Seiko 6139 ta shigo, wanda shi ne mai saye ya fi yiwuwar cin karo da shi. Ya fito a 1969, shekarar da Zenith ta Suwizalan ta fitar da El Primero, Heuer da Breitling da abokansu kuma suka fitar da Calibre 11, dukkansu masu ba kansu wani da motsin hannu. Seiko ya haɗa wili mai ginshiƙai da kulocin sama da ƙasa. Da'ira ɗaya tak ke gare shi a ƙasa, mai ƙirga minti 30, kuma ba shi da tsinken daƙiƙa mai tafiya kullum. Saboda haka wanda ya ga babban tsinken a tsaye kada ya ce agogo ya mutu, jira yake a danna. Irinsa ɗan sama jannati William Pogue ya ɗaura a tashar Skylab a 1973. An daina yin sa tun ƙarshen shekarun 1970, don haka kayan gyaransa sai an ciro daga wani mataccen.

El Primero yana bugawa sau 36,000 a awa, watau goma a daƙiƙa, Seiko kuwa 21,600. Har Rolex ta yi aro da shi a Daytona daga 1988 zuwa 2000. Amma samunsa a akwatin bakin titi sai babban rabo, wanda aka ce masa ga shi da araha ya yi hattara.

Wanda ya fi kowa yaɗuwa shi ne Valjoux 7750, mai kam, wanda aka fara yi wajen 1973. Kamfanoni da dama sun sa shi a agogunansu. Da'irorinsa galibi suna wajen ƙarfe 6 da 9 da 12, kuma idan aka girgiza hannu akan ji ƙarfen da ke ba shi wani yana juyi a ciki. Ba lalacewa ba ce, halinsa ke nan. Kayansa suna samuwa har yau. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Seagull ST19 na ƙasar Sin, mai ginshiƙai, da Poljot 3133 na Rasha, mai kam, dukansu da hannu ake wana su.

Gwajin ba ya cin minti biyu. A danna maɓallin sama: tsinken ya tafi sulu-sulu, ba taku ɗaiɗai ba. A sake dannawa ya tsaya. A danna na ƙasa: ya koma kan 12 farat ɗaya. Idan ya zagaya a hankali, na batir ne. Idan kuwa dannawa ta sauya rana ko wata a ƙaramar da'ira, to ado ne kurum, ba ya auna kome. Duk da haka akwai na batir masu komawa farat ɗaya, saboda haka kada a biya sai mai gyara ya buɗe bayan a gaban mai saye, an ga wilin da ke kai da komo, an karanta lambar injin. A duba tsatsa kuma a gindin maɓallan, don ta nan ƙurar hunturu da laimar daminar kudancin Kaduna ke shiga.