Kuɗin Intanet na Makarantun Amurka: Wa Ya Ci, Wa Za a Hukunta?

 Yau Amurka za mu leƙa, mu duba wani tallafi da aka shafe wajen shekara 30 ana ja-in-ja a kansa, wato kuɗin da ake kashewa don kai intanet makarantu da ɗakunan karatu na jama'a. Sunan shirin E-Rate. An ci kuɗinsa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk da haka ina tare da masu cewa a bar shi ya ci gaba, kuma ku biyo ni ku ji dalili.

A shekarar 1996 ne majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar sadarwa garambawul. Daga cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an sa makarantu a ciki akwai Sanata Olympia Snowe ta jihar Maine da Sanata Jay Rockefeller na West Virginia. Jam'iyyunsu daban, amma matsalar mutanensu ɗaya: ƙauyuka masu nisa, inda kamfani ba ya ganin riba idan ya ja waya. A 1997 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta fitar da tsarin, ta ƙayyade dala biliyan 2.25 a shekara. Kamfanonin waya ne ke zuba kuɗin a wani asusu, su kuma su ɗora wa masu amfani da layukansu.

Ba kuɗi ake miƙa wa makaranta a hannu ba, ragi ake yi mata, daga kashi 20 zuwa kashi 90 cikin 100. Ana auna talaucinta da yawan yaran da suka cancanci abincin rana kyauta ko a rahusa. Makarantar da ta fi kowa talauci, idan aikin na dala 100,000 ne, 10,000 kawai za ta biya. A 1994 kashi 3 cikin 100 na azuzuwan makarantun gwamnati ne ke da intanet. Zuwa 2005 sun kai kashi 94. Ba E-Rate kaɗai ya yi wannan aiki ba, amma shi ne ya hana a bar 'ya'yan talakawa da na karkara a baya.

To, ina ɓarnar take? Ba zan sakaya ta ba.

A tsibirin Puerto Rico, tsakanin 1998 da 2000, ma'aikatar ilimi ta ci gajiyar fiye da dala miliyan 100 don haɗa makarantu kimanin 1,500. Da masu bincike suka je, makarantu ƙalilan suka tarar da intanet. A wani sito kuwa suka iske katunan haɗa kwamfuta fiye da 70,000 jibge, ko kwalayensu ba a buɗe ba. A 2004 wani reshe na kamfanin NEC ya amsa laifin haɗa baki wajen neman kwangila da kumbura farashi, ya biya fiye da dala miliyan 20. A shekarar ce 'yan majalisa suka yi ta zaman sauraron bahasi, wasu na cewa shirin ya zama saniyar tatsa.

Yadda ake cin kuɗin shi ne abin lura. Ƙa'ida ta ce makaranta ta sanar da buƙatarta a fili, ta jira kwana 28, kamfanoni su yi takara. Ta kuma ce dole makaranta ta biya kasonta daga aljihunta, domin wanda zai biya ko da kashi 10 ne, zai tambayi farashi. Sai wani ɗan kamasho ya zo da sunan mai ba da shawara, ya tsara takardun yadda kamfanin da suka ƙulla da shi ne kawai zai yi nasara. A ninka farashi. Sannan a raɗa wa hukumar makaranta cewa ba sai ta biya nata kason ba. Daga ranar da makaranta ta daina biyan ko sisi, babu sauran mai cewa abin ya yi tsada. Kuma makarantun da aka fi yi wa wannan ƙulli su ne mafi talauci, saboda a can ragin ya fi tsoka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: a shekarun farko an fi gaggawar fitar da kuɗi a kan bin sawunsu, kuma hukuma ba za ta wanke kanta daga wannan ba.

Amma masu sauraro, ku dubi wanda aka cuta a cikin labaran nan. Yaron Puerto Rico ne da aka karɓi kuɗi da sunansa, ya gama makaranta bai ga intanet a ajinsa ba. Idan aka rufe shirin, kamfanin da ya ci kuɗi zai nemi kwangila a wani wuri, ɗan kamasho ya sake sana'a. Yaron kuwa an cuce shi karo na biyu, wannan karon da hannun gwamnati. Wannan ne na kasa yarda da shi.

Ku kuma dubi yadda asirin ya tonu. A San Faransisko, shugabar makarantun birnin, Arlene Ackerman, ta ga takardun neman kusan dala miliyan 50 ba su kwanta mata ba. Ta ƙi kuɗin, ta sa aka yi bincike, kuma zaren da aka ja daga nan ne ya kai ga NEC. Judy Green, wadda ta yi dillancin irin waɗannan kwangiloli a jihohi da dama, an yanke mata shekara bakwai da rabi a gidan yari a 2008. A Fabrairun 2025 kotun ƙolin Amurka, bakin alƙalanta ɗaya, ta ba da damar ci gaba da ƙarar da wani mai binciken kuɗi ya kai kamfanin Wisconsin Bell bisa zargin cajin makarantu fiye da ƙima. Ke nan akwai maganin satar, kuma an gwada shi ya yi aiki: a binciki littattafai, a hana mai laifi kwangila, a ƙwato kuɗi, a ɗaure wanda ya ci.

Ɗakunan karatu fa, kada mu manta da su. A garuruwa da yawa na Amurka, laburare ne wurin da marar intanet a gida yake cika takardar neman aiki ko ta tallafin gwamnati. Lokacin kullen korona a 2020, an ga iyaye suna ajiye mota a harabar laburare da makarantu, yara na aikin gida a cikin motar, don su kama siginar da ke fitowa daga ginin da ke kulle.

Akwai ƙorafi ɗaya na masu suka da nake ganin gaskiya ne. Kason da ake karɓa daga kuɗin shigar kamfanoni na kiran nesa ya haura kashi 30 cikin 100, kuma a ƙarshe mai waya ne ke biya, har da talaka. Ya kamata a sake duba inda kuɗin ke fitowa. Sai dai gyaran hanyar tara kuɗi daban, yanke wa makaranta waya daban.

Mu ma a Najeriya batun bai yi mana nisa ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin hukumar NCC, wanda ke kai kwamfutoci da intanet makarantu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Duk inda aka ji ƙorafi kan irin wannan asusu, tambayar da ta dace ita ce wa ya karɓi kwangila, nawa, kuma ina kayan.

A can Amurka, a 2014 an ɗaga kuɗin da aka ƙayyade wa shirin E-Rate zuwa dala biliyan 3.9 a shekara. A Yunin 2025 kotun ƙoli, alƙalai 6 a kan 3, ta ce asusun da kamfanonin waya ke zuba wa kuɗin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Amma a ƙarshen Satumbar shekarar FCC ta janye tallafin intanet a motocin makaranta da ƙananan na'urorin da laburare ke ba yara aro su tafi da su gida, tana mai cewa doka ba ta ba ta hurumin hakan ba.