Suna Ɗaya, Rubutu Uku: Yadda Kwamfutar Asibiti Ke Ɓatar Da Majinyaci

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie, matattarar Hausawa a birnin Yawunde, ya san cewa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa, asibitin gunduma na Cité Verte na daga cikin wuraren da jama'armu ke nufa. A da, ɗan littafin nan da muke kira karne shi ne shaidar majinyaci. Yanzu kuwa kwamfuta ta shigo cikin lamarin.

Idan ba a manta ba, Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta fito da tsarin amfani da na'ura a harkar lafiya na shekarun 2020 zuwa 2024. Haka kuma alƙaluman da asibitoci ke haɗawa duk wata, ana shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita. A watan Afrilun 2023 kuma, Minista Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya ga kowa, wanda ya tanadi ganin likita kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma da na'ura ake yin rajistarsa.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, kwamfuta ba ta san fuska ba, abin da aka zuba mata shi take mayarwa. A nan gizo ke saƙar, domin sunayenmu da ƙa'idar Faransanci ake rubuta su, kuma kowane magatakarda da yadda kunnensa ya jiye masa. Usman guda zai iya zama Ousmane yau, gobe Ousmanou, jibi Oussoumanou. Mace ta ba da sunan mahaifi a awon farko, ta ba da na miji a na biyu. Dattijon da ba shi da takardar haihuwa, a kintata masa shekaru. Ɗan kasuwan da ke zirga-zirga tsakanin Yawunde da Garwa da Kano, ko'ina ya je sai ya sayi sabon karne.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Idan aka buɗe wa mutum ɗaya fayil biyu, likita ba zai ga maganin hawan jinin da yake sha ba, balle wanda jikinsa ya taɓa ƙi. Yaron da ya kammala rigakafi sai a lissafa shi cikin waɗanda suka tsere. Da irin waɗannan alƙaluma ne kuma hukuma ke ƙiyasta magani da allurar da za ta aiko gunduma. Kowa ya san idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ma'aikaci na da nasa laifin, mu ma da namu.

Don haka muna kira ga magidanta da su tsayar da rubutun suna guda, wanda ke kan katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa, su riƙa zuwa da shi, su kuma nemi a karanta masu abin da aka rubuta kafin su tashi. Limamai su riƙa tunatarwa ranar suna cewa a yi wa jariri takardar haihuwa. Hukumomin lafiya kuwa, su rage wa masu rajista cunkoso, su ajiye mai jin Hausa da Fulatanci a teburin karɓar marasa lafiya. Minti biyun da za a ɓata wajen gyara harafi, wata rana shi zai ceci rai.