Taya Mai Ƙarko: Abin da Ya Kamata Mai Babur Ya Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada da misalin ƙarfe takwas saura na safe, zai ga yadda babura ke tuttuɗowa ta ko'ina: daga Pantami, daga Bolari, daga Jekadafari, daga Nasarawo. Wani na kansa ne, wani aro ne, wani kuma ɗan acaɓa ne ya ɗauko shi. Ni ma ina cikin wannan ayari. Kullum daga Tumfure nake tasowa a kan wata tsohuwar Bajaj Boxer da yayana ya bar mini, ranar Juma'a kuma nakan leƙa Kumo in gaida mahaifiyata. A wannan ɗan rubutu ina so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a kan yadda ake zaɓen tayar da za ta jure wannan kai-kawo, domin na koyi darasin ne da fatar gwiwata.

A shekarar 2023, bayan cire tallafin man fetur, aljihu ya yi zafi, ga kuma tayar bayana ta suɗe. Na shiga kasuwa na zaɓi wadda ta fi kowacce sauƙin kuɗi. Sabuwa ce fil a ido, zanenta raɗau. Ba ta cika wata uku ba, ran nan ina gangarowa cikin gari zuwa gwajin Tsarin Sauti, sai na ji fam! Babur ya yi ta rawa da ni har na sha ƙasa. Allah ya taƙaita, sai ƙujewa, amma gwajin ya wuce ni. Mai facin da na tura babur wurinsa, wani dattijo, ya juya tayar ya nuna mini wasu lambobi a gefenta, ya ce, "Yaro, ai wannan tayar tun kana sakandare aka yi ta." Ashe tsohuwa na saya da sunan sabuwa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Daga ina tayoyinmu suke zuwa?

Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ne ya ƙera wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast a 1888, daga nan ta bazu cikin duniya. A Nijeriya ma a da ana yin taya, amma kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, na Dunlop da ke Ikeja shi ma ya daina ƙerawa a 2008. Galibin tayoyin babur da muke gani a shaguna daga ƙasashen Asiya suke fitowa, irin su Sin da Indiya da Tailan. Kafin taya ta iso Gombe ta hau jirgin ruwa, ta kwana a sito, ta hau tirela, wataƙila kuma ta yi shekaru rataye a ƙofar shago rana na dukanta. Ita kuwa roba tana tsufa ko ba a hau ta ba: takan bushe, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. Wannan ne ya sa bai kamata mai saye ya tsaya ga sheƙin taya ba, sai ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.

Karatun gefen taya

Abu na farko shi ne ranar haihuwarta. A gefen taya akan ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zobe mai siffar ƙwai, sau da yawa a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. A kan tawa 1416 aka rubuta, wato mako na 14 na shekarar 2016. Shekararta bakwai ke nan ranar da na saye ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen masu ababen hawa da su guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Ni dai a yanzu ba na sayen wadda ta haura shekara ɗaya ko biyu, wadda kuma aka kankare lambarta ko kallonta ba na yi.

Abu na biyu shi ne girma. Idan ka ga 3.00-17, ana nufin faɗin tayar inci 3 ne, wilin da za ta zauna a kai kuma inci 17. Irin babur ɗina 2.75-17 yake ɗauka a gaba, 3.00-17 a baya, wasu baburan kuma wilinsu inci 18 ne. Akwai samarin da ke cusa ƙatuwar taya a baya don gayu. Irin wannan ba ta zama daidai a kan wili, takan goga jikin babur, kuma ta ƙara wa inji aiki.

Abu na uku shi ne ƙarfin ɗaukar kaya. Bayan girma akan ga lamba da harafi, misali 50P. Lamba 50 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 190, lamba 45 kilo 165, lamba 52 kuma kilo 200. Harafin kuwa iyakar gudu yake nunawa: L kilomita 120 a awa, P kilomita 150. Gudun bai dame mu ba, nauyin ne abin dubawa. Babur kansa ya haura kilo 100, ga mahayi, ga goyo, wani lokacin har da buhun masara daga gida, kuma tayar baya ce ke shan mafi yawan wannan lodi. Haka nan akan ga 4PR ko 6PR ko 8PR. Wannan ma'aunin ƙarfin zaren da ke cikin jikin tayar ne. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon juriyarta ga nauyi da bugun rami. Mai yawan goyo, 6PR ko sama da haka ya fi dacewa da bayansa.

Roba da zane

A ƙasashen Turai an karkasa tayoyin babur gida-gida. Akwai ta 'yan tsere, mai laushin roba, wadda ke kama kwalta tamau amma ta cinye nan da nan. Akwai kuma ta matafiya masu dogon zango, wadda aka yi domin ƙarko. Manyan kamfanoni irin su Michelin da Bridgestone sukan yi wa wannan kashi na biyu roba iri biyu: mai tauri a tsakiya, inda babur ke takawa idan ya miƙe hanya, mai laushi kuma a gefe, inda yake takawa a kwana. Mafi yawan irin waɗannan na manyan babura ne, ba za su shiga wilinmu ba, amma akwai darasi a ciki. Tauri na kawo ƙarko, laushi na kawo kamun ƙasa, kuma ba a samun ɗaya ya cika sai ɗayan ya ragu. Tayar da ta yi tauri kamar ƙaho za ta daɗe, amma ranar da aka yi ruwan farko, ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta, ita ce za ta kayar da kai.

Zane ma ya danganta da hanyar da mutum ke bi. Taya mai manyan ƙuraje ta dace da burji da laka, sai dai a kan kwalta takan yi ƙara, ƙurajen kuma su cinye da wuri. Mai zane ƙanana, wadda tsakiyarta ke haɗe, ta fi daɗewa a kwalta amma takan yi santsi a yashi. Mu a Gombe hanyar tamu gauraye ce: babban titi kwalta, lungun unguwa ƙasa, da damina kuma ruwa ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan titi. Saboda haka na fi son matsakaiciya, mai cikakkiyar tsakiya da tsaga mai zurfi a gefe domin korar ruwa.

Lissafin aljihu

Kuskuren da na yi shi ne na dubi kuɗin da zan fitar a ranar kawai. A ƙaddara wata taya naira 12,000 ce ta yi wata huɗu, wata kuma naira 20,000 ta yi wata goma. Ta farko tana cin naira 3,000 a wata, ta biyu naira 2,000. Ba a ma sa kuɗin faci da sabon tub da darasin da aka rasa ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin wadda ke daɗewa ita ce tambayar 'yan acaɓa da masu faci, domin abin da ɗalibi zai taka a wata, ɗan acaɓa a 'yan kwanaki yake taka shi. Taya ta hannu kuwa, ko da an ba ka a rabin kuɗi, ba ka san ramin da ta faɗa ba.

Kulawa bayan saye

Ko wace irin taya ka saya, iska ce ranta. Idan ta yi ƙaranci, gefen tayar yakan yi ta lanƙwasa har ya ɗauki zafi, ga kuma kwaltar watan Maris da Afrilu tamkar tanda. Sai gefe ya cinye, mai ya ƙara tafiya, wani lokacin ta fashe. Idan iskar ta yi yawa, tsakiya ce ke suɗewa, birki kuma ya rage kamu. A ƙananan babura irin namu awon bai cika nisa da 25 a gaba ba, 28 a baya, 32 idan da goyo, amma a duba littafin babur domin tabbatarwa. A auna da geji, ba da danna yatsa ba, kuma da safe kafin taya ta yi zafi, aƙalla sau ɗaya a mako.

Ranar sa sabuwar taya a haɗa da sabon tub, a kuma lura da kibiyar da ke gefenta, wadda ke nuna inda za ta fuskanta wajen juyawa. A bi ta a hankali a kwanakin farko, domin sabuwar roba tana da santsi. A guji taka birki da ƙarfi ba dalili, a nemi inuwa wajen ajiye babur, kada kuma a bar fetur ko baƙin mai ya zauna a kanta. A cikin tsagar zane akwai ɗan tudu, wanda haruffan TWI ko wata 'yar alama mai kusurwa uku ke nuna wurinsa. Ranar da zane ya cinye ya yi daidai da wannan tudu, tayar ta gama aiki.

Kammalawa

Tayar da na saya bayan waccan faɗuwa, mai lambar 6PR, wadda ba ta cika wata takwas da ƙerawa ba, ta kai ni ƙarshen zango na biyu na shekarar da ta biyo baya, faci biyu kacal. Ban ce sunanta ne ya yi aikin ba. Shekarunta da ƙarfinta da awon iskar kowace Asabar ne suka yi. Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba, a kansa kuma kai da wanda ka goya kuka dogara bayan kiyayewar Allah. Don haka ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗi, durƙusa ka karanta gefen tayar, kada kuma ka manta da hular kwano. Allah ya kai mu aji lafiya, ya mayar da mu gida lafiya.