Duwatsun Adamawa na jiran tseren keke, hanya ce ta rage

Da sanyin safiya, kafin ranar Jimeta ta buɗe ido, kekuna ne ke fara fita. Masu lambu daga gefen tafkin Geriyo na taka feda da dammunan ganye a bayansu, ɗalibai na ratsa tsakanin Keke Napep, leburori na tsallaka gadar Binuwai zuwa wajen neman halali. Wanda ya tsaya a kan gadar ya kai dubansa arewa zai hango duwatsun Bagale, in ya juya kudu tsaunukan Verre ne ke leƙo garin Yola. Keke da dutse sun daɗe suna maƙwabtaka a nan. A wasu ƙasashen Afirka, waɗannan abubuwa biyu aka haɗa aka gina gasar da duniya ke kallo duk shekara.

Tafiyar fatake a kan taya biyu

Tseren keke na zango-zango ya yi kama da tafiyar fatake. Ana raba hanya kashi-kashi, kowace rana da zangonta, a kwana a wani gari, gari na wayewa a ɗaura ɗamara. Ana tara lokacin da kowane ɗan tsere ya ci a kullum, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwarzo. Babbar cikinsu ita ce Tour de France, wadda aka fara a 1903. A yau zango 21 ake yi cikin mako uku, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, kuma wanda ke kan gaba shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa.

Kowace ƙungiya a wannan gasa mutum takwas take fitarwa, amma ɗaya ne madugu. Sauran aikinsu tare masa iska, ɗauko masa ruwa daga mota, har miƙa masa keke idan nasa ya samu matsala. A miƙaƙƙiyar hanya, wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa ayarin ke tafiya a dunƙule. Da an fara hawa, gudu ya ragu, laɓewa ba ta da wani amfani sosai, sai nauyin jiki da ƙarfin huhu su yi hukunci. A nan ne ayari ke watsewa, kowa tasa ta fisshe shi. Tun 1910, lokacin da aka shigar da tsaunukan Firenis cikin gasar Faransa, masu shirya tsere suka gane cewa dutse ne alƙali.

Abin da Ruwanda ta yi da tuddanta

Ruwanda, wadda ake wa kirari da ƙasar tuddai dubu, ta fara gasarta a 1988. A 2009 gasar ta shiga jadawalin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a 2019 kuma aka ɗaga darajarta, manyan ƙungiyoyin Turai suka ƙara sha'awar zuwa. Ɗan ƙasar, Valens Ndayisenga, ya lashe ta a 2014, daga nan 'yan gida suka riƙe kambun har 2018. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar cin kofin duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a nahiyar Afirka, inda Tadej Pogacar na Sulobeniya ya yi nasara bayan tafiyar kilomita 267 mai cike da hawa. Ƙasar da a 1994 ba a ambatonta sai da kisan ƙare dangi, ta samu mako guda duniya na kallon titunanta.

Maƙwabta ma ba a bar su a baya ba. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987, Kamaru kuwa, wadda ke raba kogin Binuwai da tsaunuka da Adamawa, ta fara tata a 2003. Irin waɗannan gasanni ne makarantar 'yan tseren Afirka. Ɗan Eritiriya Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse a Tour de France a 2015, ɗan uwansa Biniam Girmay kuma ya ci zango uku tare da koriyar riga a 2024.

Najeriya ba ta da gasar da ta yi suna kamar waɗannan, ko da yake tana da zauren tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun gasar wasannin Afirka ta 2003. A Olamfik na Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta zama 'yar tseren keke ta farko da ta wakilci ƙasar, kuma sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin zaure. Gwanaye suna nan, fage ne ya yi ƙaranci.

Taswirar da ke hannun Yola

In ana maganar ƙasa, Adamawa ba ta da abin roƙo a wajen kowa. Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, yana kwance a kwarin Binuwai, tsayinsa daga teku bai wuce mita 200 ba. Daga nan hanya ta yi arewa ta Girei, Song, Gombi da Hong zuwa Mubi, tafiyar kusan kilomita 200, daidai tsawon zango guda na manyan gasanni. Gaba da Mubi akwai Michika da Madagali a gindin tsaunukan Mandara, inda Sukur yake, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ta kudu, hanyar Jada da Ganye na bi tsakanin tsaunukan Alantika da Shebshi, inda dutsen Dimlang ya kai mita 2,042. Zango mai sauƙi na masu gudun ƙarshe kuwa, Numan zuwa dandalin Ribadu a Jimeta ya isa.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Tsayin dutse ba ya amfanar ɗan tsere sai kwalta ta hau shi, mafi yawan waɗannan tsaunuka kuwa sawun ƙafa ne ke kaiwa samansu. Manyan hanyoyin jihar ta gindinsu suke bi. Doguwar hawa mai kwalta da za ta raba aya da tsakuwa tana maƙwabciyar jiha, Taraba, inda hanya ke murɗawa daga Mayo Selbe ta haye tudun Mambila mai tsayin sama da mita 1,500. Duk gasar da ke son amsa sunanta sai ta haɗa jihohin biyu, waɗanda dā ma ɗaya ne a ƙarƙashin Gongola kafin 1991.

Fayilolin da ke Abuja

Nauyin keken tsere kusan kilo bakwai ne, faɗin tayarsa kuwa bai wuce yatsu biyu ba. A gangara gudunsa na haura kilomita 80 a sa'a. Ramin da direban tirela zai kauce wa yana tsaki, ga mutum ɗari da ke gudu kafaɗa da kafaɗa karaya ce ko asarar rai. Saboda haka tseren keke jarrabawa ce ga hanya, mita bayan mita, a gaban kyamara. Hanyar Yola zuwa Mubi ta gwamnatin tarayya ce, gyaranta yana wuyan Ma'aikatar Ayyuka da hukumar FERMA.

Sauran aikin ma na ofis ne. Rufe hanya na sa'o'i yana buƙatar 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra. Baƙi na buƙatar biza a kan lokaci, kekunansu da kayan gyara sai Kwastam ta ba su hanya. Kowane zango na buƙatar motar asibiti a bayan ayari da masauki ga ɗaruruwan mutane. Neman gurbi a jadawalin UCI aikin Hukumar Tseren Keke ta Najeriya ne, tare da Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a watan Oktoba na 2024. Lokaci ma sai an zaɓa: a Maris da Afrilu zafin Yola na haura digiri 40, don haka tsakanin ɗaukewar damina da tsanantar ƙurar hunturu ne damar take.

Batun tsaro shi ne mafi nauyi. A 2014 Boko Haram ta mamaye Madagali, Michika da Mubi kafin a ƙwato su, kuma har yanzu yankin Madagali na fama da hare-hare jefi-jefi. Ƙungiyoyin waje ba sa wasa da wannan: ko a Ruwanda, wata ƙungiyar Beljiyam ta janye daga gasar 2025 saboda yaƙin da ake yi a gabashin Kwango, kusa da hanyar tseren.

Tsofaffin ma'aikatan Abuja ba su manta da Ojo Maduekwe ba, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya hau keke zuwa aiki don ya kwaɗaitar da jama'a, har mota ta taɓa ture shi. Dariya aka yi masa a lokacin, amma abin da ya same shi ya nuna cewa keke ba ya tsira a titin da ba a shirya dominsa ba.

Shekara 21 ke tsakanin lokacin da Ruwanda ta fara gasarta ta cikin gida da lokacin da UCI ta karɓe ta. Adamawa ma za ta iya farawa da zango uku na 'yan gida, daga Numan zuwa Jimeta, daga Yola zuwa Ganye, daga Yola zuwa Gombi. Ko baƙo ɗaya bai zo ba a shekarar farko, hanyar da aka cike ramukanta domin 'yan tsere ita ce mai lambun Geriyo da direban Mubi za su ci gaba da bi bayan an naɗe tutoci.