Yadda ruwa yake gudu a mashigar Jabal Ɗariƙ

A darasin tarihi mun ji cewa Ɗariƙ ɗan Ziyad ya tsallaka teku daga Maroko zuwa Andalus a shekara ta 92 bayan Hijira, wato 711 Miladiyya. Wurin da ya tsallaka ana kiransa Jabal Ɗariƙ, Turawa suka murɗa sunan ya koma Jibralta. Mashiga ce ƙarama wadda ta haɗa tekun Atlantika da Bahar Rum. Inda ta fi matsewa faɗinta wajen kilomita 14 ne kawai, har ma wanda yake gaɓar Maroko yana hango duwatsun Sifaniya idan gari ya yi haske. To amma ruwan da ke tsakiya ba ya zama wuri ɗaya, kuma abubuwa uku ne suke juya shi.

Na farko shi ne abin da Larabawa suke kira almaddu waljazru, wato cikowar teku da janyewarta. Wata yana jan ruwan duniya zuwa gare shi, rana ma tana ja, sai dai jan wata ya fi tasiri saboda kusancinsa. Shi ya sa a gaɓar Atlantika ruwa yake cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Wannan ƙarin minti 50 ɗin shi ne jinkirin da muke gani wajen fitowar wata, kowane dare yana ɗan makara a kan na jiya. Mu da muke lissafi da wata abin zai zo mana da sauƙi. A farkon wata da kuma wajen ranakun 14 da 15, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu, sai cikowar ta yi yawa. Wajen 7 ga wata da 22 kuma sai ta ragu. Malamai sun daɗe da lura da haka, Alkindi ma ya rubuta risala a kan dalilin almaddu waljazru tun ƙarni na 9 a Bagadaza.

A bakin mashigar ta yamma ruwa yakan hau sama da mita 2 idan cikowar ta yi ƙarfi, amma a yawancin gaɓoɓin Bahar Rum bai cika kai rabin mita ba. Kun ga kenan gefe ɗaya yana hawa yana sauka sosai, ɗayan kuwa da ƙyar yake motsi, ƙofar da ke tsakaninsu kuma ƙarama ce. Ku tuna yadda ruwan sama yake yi idan ya taru daga fili ya shiga lungu mai ƙunci, nan take sai ya ƙara gudu. Haka ruwan teku yake yi a nan, yana tunkuɗawa gabas na kusan awa 6, sannan ya juya yamma na kusan awa 6. A wasu wurare gudun yakan kai kilomita 7 a awa, ya fi saurin mai tafiya a ƙasa.

Abu na biyu shi ne gishiri. Yankin Bahar Rum yana da zafi da iska busasshiya, ruwan da yake tashi sama a matsayin tururi ya fi wanda ruwan sama da koguna irin su Nilu suke zubawa a ciki. Idan ruwa ya tashi, gishiri ba ya binsa, sai wanda ya rage ya ƙara gishiri. A kowace lita ta ruwan Atlantika akwai gishiri wajen giram 36, a ta Bahar Rum kuwa wajen giram 38. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma ya isa ya sa ruwan Bahar Rum ya fi nauyi. Saboda haka a mashigar ruwa hawa biyu ne. Na sama, mai sauƙi, yana shigowa daga Atlantika zuwa gabas. Na ƙasa, mai nauyi, yana fita yamma ta kan wani tudu da ke ƙarƙashin teku, a zurfin wajen mita 300. Abin da yake shigowa ya kusa tan miliyan ɗaya a kowane sakan, abin da yake fita ya ɗan gaza haka, ragowar ita ce take cike gurbin wanda rana ta ƙafar.

Wani saurayi ɗan Italiya mai suna Marsili ne ya bayyana irin wannan a littafin da ya fitar a 1681, bayan ya yi bincike a mashigar Bosforus ta Istanbul. Masunta na can sun riga sun san cewa idan suka saki taru ya nutse sosai, sai ya ja su wajen da ruwan sama ya baro. Ku ma za ku iya gwadawa a gida. Ku zuba ruwa a kofin gilashi zuwa rabi, ku jiƙa zoɓo a wani kofi ku narka gishiri mai yawa a ciki, sannan ku tsiyaya shi a hankali ta gefen kofin farko. Jan ruwan zai gangara ya kwanta a ƙasa, farin ya tsaya a sama.

Idan cikowar teku ta tura waɗannan hawa biyu ta kan tudun nan, sai igiyoyi su tashi a tsakaninsu, can cikin ruwa. Tsawonsu yakan wuce mita 50, amma a sama ba a ganin komai sai wasu layuka, waɗanda suke fitowa a hotunan tauraron ɗan Adam.

Na uku iska ce. Akwai wata mai ƙarfi da take busowa daga gabas, mutanen Sifaniya suna ce mata Lebante, takan yi kwanaki ba ta tsaya ba. Idan ta yi karo da ruwan da ke gudu zuwa gabas, igiyoyi sukan miƙe tsaye kusa da kusa, irin waɗanda suke kifar da ƙaramin jirgi. Wani lokaci kuma ta zo da hazo. Ga manyan jirage wajen 300 da suke ratsa wurin kowace rana, kuma babban jirgi ba ya tsayawa nan take ko da direbansa ya hangi kwalekwale a gabansa.

Wannan bayani ya shafe mu, domin akwai samari daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da suke bi ta hamada har Maroko da niyyar tsallakawa a jirgin roba. Masu karɓar kuɗinsu suna nuna musu fitilun Sifaniya da dare su ce ai ga shi nan kusa. Abin da ba sa faɗa shi ne, jirgin da injinsa ya mutu ba ya tsayawa inda yake. Ruwan sama zai ɗauke shi ya yi gabas da shi, zuwa inda teku ta buɗe, ba gaɓa kusa. Mutane da yawa sun rasu a haka, wasu ko gawarsu ba a gani ba. Ko gwanayen iyo da suke tsallaka mashigar daga garin Tarifa sai sun jira ranar da iska ta lafa, sun duba jadawalin cikowar teku, jirgi kuma yana biye da su, duk da haka ruwan yana karkatar da su har su yi iyo fiye da kilomita 14.

Idan kuna da wa ko aboki da yake wannan shiri, ku karanta masa wannan shafi, ko ku ba mahaifinsa ya gani. Allah Ya tsare mana ƴan uwanmu a duk inda suke, amin.