Tsohon Babur Da Duhun Dare: Ina Hasken Fitila Ya Tafi?

A shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, babura sun cika titunan ƙasar nan. Honda da Suzuki da Yamaha su ne suka fi yawa, ban da Vespa ta malaman ofis. A 1979 kuma kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta jihar Ogun. Har yau akwai ragowar baburan wancan zamani suna aiki a hannun 'yan Arewa mazauna Kurmi, a Sabo ta Badun, da Agege, da Shagamu, da unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca. Wani gadonsa ya yi wurin mahaifinsa, wani kuwa saye ya yi da araha. Inji yana nan da ƙarfinsa, ga shi ba ya shan mai. Abu guda masu su suke kuka da shi, watau fitila.

Kukan nan kuwa yana da dalili, domin sana'o'in mutanenmu da yawa a nan da dare suke tafiya. Mai tsire ba ya tashi sai sha biyu ta gota, mahauci tun kafin asuba ya kama hanyar kwata, mai shayi ma haka. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 cikin kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga rami, hankali ya gane, ƙafa ta taka birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. To, in fitila ba ta haska abin da ya wuce mita 20, yaya ke nan ranar da aka gamu da tirela ta lalace a tsohuwar hanyar Ikorodu zuwa Shagamu, ba wuta ba alama sai ganyen da aka zuba a kan kwalta?

Abin da akasarin mutane suke yi shi ne su tafi wurin mai kayan gyara su ce, "Maigida, ba ni babban ƙwai." Sai a cire ƙwan asali mai wat 25 a sa mai wat 35 ko fiye. Da dare ya yi sai a ga hasken ya koma ja kamar na aci-bal-bal, ya fi na da muni. Ba laifin ƙwan ba ne. Yawancin ƙananan baburan shekarun 1970 wutar bolt 6 suke aiki da ita, kuma a da yawa cikinsu fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba. A gefen inji akwai wani faifan ƙarfe mai maganaɗisu da yake juyawa, a cikinsa kuma akwai koyil, watau naɗin waya, wanda yake haifar da wutar ya tura wa fitila kai tsaye. Shi ya sa in aka murɗa totur haske ya ƙaru, in aka saki ya dushe. Koyil ɗin nan yana da iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma daidai ƙwan asali aka auna shi. Babban ƙwai yana neman abin da babu.

Wannan auna da aka yi ita ce ta sa wasu suke mamakin yadda ƙwan gaba yake yawan ƙonewa. In ƙwan baya ya mutu aka ƙyale shi, wutar da ya kamata ya sha sai ta koma kan na gaba, da an ba babur wuta sai ya tsinke. A wasu baburan batir ma yana taimakawa wajen shanye rarar wuta, saboda haka wanda ya cire mataccen batir ya yar, wai ai da kik yake tayarwa, ya shirya sayen ƙwai kowane mako.

Gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ya fi araha, kuma shi aka fi rainawa. Ƙwai mai zaren waya a ciki, in ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A babur mai bolt 6, ɓatar rabin bolt da ɗan kai ya isa ya kawo wannan asara. Ina yake ɓata? A makunnin da ke hannu wanda ya yi tsatsa, da bakin wayoyin da suka yi kore, da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen babur domin wuta ta koma. Damshin Kurmi da iskar gishiri ta bakin teku a Ikko suna cin waɗannan wurare fiye da yadda busasshiyar iskar Kano ko Sakkwato take yi. Bakanike mai haƙuri zai kwance su ɗaya bayan ɗaya ya kankare, ya sake wayar da ta tsufa da mai ɗan kauri, ya ja sabuwar waya daga mazaunin ƙwai zuwa jikin ƙarfe. Sau da yawa nan take mai babur zai ga bambanci ba tare da ya sayi kome ba.

Sa'an nan sai kwanon fitila, wanda yake tattara haske ya jefa shi gaba. Bayan shekara arba'in da ɗoriya, ƙyallin cikinsa yakan dushe ko ya yi tabo. Kada a goge shi da tsumma mai kaushi ko toka, domin shafen siriri ne ƙwarai, yana fita. In ya riga ya mutu, sauya shi za a yi. A kasuwar Nkwo ta Nnewi, cibiyar kayan babur a ƙasar nan, da 'yan kayan gyara masu saro kaya daga can, ana iya dacewa da wanda zai shiga. Gilas kuwa ruwa da sabulu sun ishe shi, ciki da waje.

In an gama wannan, sai a yi maganar ƙwai. Akwai na halojin mai bolt 6 da wat daidai da na asali, mai gindi irin na da. Ya fi tsohon haske da fari, bai kuma ƙara wa koyil kaya ba. Sai dai ba a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan ita ce shawarar da ta fi.

Mai hali yana iya mai da babur bolt 12, kamar yadda kamfanonin da kansu suka yi a shekarun 1980. Ana sake naɗa koyil ko a sa wani, a haɗa masa na'urar daidaita wuta, wadda makanikai suke kira regileta, a sauya batir da ham da sigina da dukan ƙwayaye. Babur irin Honda CD175, wanda tartsatsin fulogi daga batir yake zuwa, sai an sauya masa har koyil ɗin fulogi. Aiki ne na gwani. Wanda yake ƙaunar babur ɗinsa yadda aka ƙera shi, ya ajiye tsofaffin kayan cikin leda, kada ya bar su wurin bakanike.

Yanzu kuwa yayin LED ake yi. Lalle tana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, abin da tsohon babur yake bukata ke nan. Amma wutar batir take so mai tafiya hanya guda, alhali wadda koyil yake bayarwa kai-da-komo take yi. In ba a sa rektifaya da regileta ba, sai ta riƙa ƙyaftawa in an tsaya, ko ta ƙone in an yi gudu. Bugu da ƙari, an ƙera kwanon ne domin ɗan zaren da ke zaune a wuri guda daidai. In idon LED bai faɗa a wurin nan ba, haske zai watsu sama da gefe, ya haska rufin gidaje da idon direban da ke tahowa, hanya kuwa tana nan da duhunta. Mai babur yana murna ana ganinsa daga nesa, bai san direban tifar da ya kashe wa ido ba ya ganin gefen titi ba. A ruwan sama ko hazo ma, hasken da ya watsu fuskar mai shi yake dawowa. Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali kuwa, ba duka ne abin dogara ba.

Ko wane irin ƙwai aka sa, sai an gwada shi a bango. A tsai da babur a wuri mai shimfiɗa, kamar taku goma daga bango, mai shi ya hau ya zauna, domin nauyinsa yana ɗaga fitila sama. A auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama da gawayi a bango daidai wannan tsawo. In aka sa dim, saman hasken ya tsaya kamar faɗin yatsa uku ƙasa da alamar. In ya haura, a sassauta kusoshi biyu na gefen fitila a sunkuyar da ita kaɗan a ɗaure. Wanda ya saba ɗaukar buhun albasa ko cinyar sa a baya, ya sake gwajin da kayan a ɗaure.